Yadda Ake Zaga Jerba a Babur ɗin Haya Ba Tare da An Gane Ka Manta Hanyar Gidanku Ba

Idan kai ɗan Jerba ne da ya ƙarar da rabin rayuwarsa yana auna shinkafa da sukari a wani kanti a Faris, yau jirgi ya sauke ka, ka tsaya da jakarka ka lalubi hanyar gidanku a ka, ka ji wayam, to kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace. Sunana Jilani. Ina ba da hayar babura a garin Midun, ƙananan nan roba-roba da Turawa ke hawa da gajeren wando su je rana ta gasa musu wuya. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya za ka zaga tsibirin nan kaf, ka ga wuraren da mu mazauna ba mu taɓa takawa ba, kuma babu mahaluƙin da zai ji daga bakinka cewa ka ɓata. Ba ni na ƙirƙiro dabarar ba. A wurin Munji na koye ta, ɗan goggona, wanda ya gwada ta bazarar da ta wuce a kan jan babur ɗina, ya dawo min da shi da madubi ɗaya.

Mataki na 1: Hana kowa zuwa tarbarka

Tun kana Faris ake fara aikin. Ƙanwarka za ta bugo waya, kamar yadda Salluha ta bugo wa Munji, ta ce, "Yaya, in turo maigidana ya ɗauko ka a filin jirgi?"

Ka yi dariya mai sauti. Munji cewa ya yi, "Ni za a tarba a Jerba? Salluha, ido rufe zan kai kaina gida."

Ta ce, "To ka dai buɗe idon, don karkataccen dabinon da kake juyawa a gindinsa ya faɗi tun kafin in yaye autana."

Kada ka saurari wannan. Kada kuma ka tuna cewa duk zuwan da ka taɓa yi a baya mahaifinka ne ke ɗauko ka a akori-kura, kai kuwa kana zama kake hangame baki ka yi barci, sai an buɗe ƙofa a tashe ka. Mahaifin ya rasu, motar an sayar, kai ma ka daɗe rabonka da gida har kunya ta hana ka lissafawa.

Abu ɗaya kawai za ka riƙe a ranka. Goggo Arusiya, mahaifiyar Munji, tana da wata ɗabi'a tun tana amarya: ranar da namijin gidan zai dawo daga ƙetare ba ta sa komai a baki sai ya zauna ta ga ya kai lomar farko. Haka ta yi wa mijinta har ya koma ga Allah. Yanzu ta tsufa, ga ciwon suga, likita ya yi magana har ya gaji ya bar ta. Munji ya san da haka sarai. Kai ma in taka uwar irin Goggo ce, wannan tunanin shi zai riƙa ƙara maka wuta duk yini.

Mataki na 2: Kada ka kuskura ka shiga tasi

Direba zai ce, "Ina za ka?" Ka ce gidan marigayi wane, can bayan ƙauyen Mahbubin. Ya ce, "To nuna hanya." Shi ke nan ka mutu. Gidajenmu ba su da lamba, kowanne ya shige cikin gonarsa ya ja shingen ƙasa da ƙaya ya lulluɓa, hanyoyin yashin kuwa duk uwa ɗaya ta haife su. Taswirar wayarka tana barin kwalta sai ta zama farar takarda da ɗigo shuɗi yana rawa a tsakiya. Direban zai dube ka ta madubi. Kafin azahar kowane mai kanti daga nan har Ajim ya ji cewa ɗan Arusiya bai san ƙofar da aka haife shi ba.

Babur kuwa ba shi da baki. Zo wurina.

Mataki na 3: Zama Bature

Shigo shago da baƙin tabarau, ka yi sallama da Faransanci. Munji bai san shagon nawa ne ba. Ya bar ni siriri da gashi, ya dawo ya tarar da tumbi da sanƙo. Sai da ya riga ya zuba Faransancin nan har ya kai rabi sannan ya kalli fuskata da kyau. Ya gane ni, na gane shi, amma mutum ba ya fara Faransanci ya sauka a tsakiya.

Na ce masa da Faransancin ni ma, "Maigida ya taɓa zuwa tsibirinmu?"

Ya ce, "Sau ɗaya, da daɗewa."

"Ina maigida yake son gani?"

"Ko'ina. Ƙauyuka. Ina son tsofaffin gidaje."

Na karɓi fasfonsa, ga sunan mijin goggona a jiki ɓaro-ɓaro, na karanta shi da ƙarfi kamar yau na fara jin sa. Wannan mutumin mun yi kwana a tabarma ɗaya, ni na koya masa satar ɓaure a gonar liman. Da ya ce, "Jilani, ina ne hanyar?" da na rufe shago na kai shi, in ci kuskus ɗin Goggo a kan haka. Bai ce ba. Ni kuma ɗan kasuwa ne, ba na tsoma baki a sha'anin baƙi, sai na yi masa kuɗin Turawa na miƙa masa makulli.

Mataki na 4: Hular kwano

Mutanenmu ba sa sa ta, a gwiwar hannu suke rataya ta saboda 'yan sanda. Kai sa taka, ka ja gilashin har ƙasa, ka ɗaure igiyar tamau. Zaɓi wadda gilashinta ya sha karce, yadda ba mai ganin ka, kai ma ba ka ganin kowa. Munji rawaya na ba shi, wadda ake hango ta daga teku.

Za ka yi gumi, kanka zai dahu kamar ƙwai. Yi haƙuri, mutunci dama ba ya zuwa da sanyi.

Mataki na 5: Tambayi hanya yadda baƙo ke tambaya

Nan ne gwanintar take. Ɗan gari ba ya tambayar hanya, amma baƙo yana da dama. Sai ka tafi mararrabar da ka tabbata daga nan ake shiga, ka tsaya gaban gidan gahawa, ka zaɓi tsoho mafi kama da mai tausayi.

Munji kuwa Baba Sasi ya zaɓa, abokin mahaifinsa, wanda ya riƙe shi ranar da aka yi masa kaciya. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa, bai kashe babur ba, ya ce da Faransanci yana neman wani ɗan ƙaramin farin masallaci mai rijiya a gefe.

Baba Sasi ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Duk masallatanmu farare ne, duk kuma da rijiya. Gidan wa kake nema a can, ɗana?"

Ka ga ƙofa a buɗe ke nan. Kada ka shiga. Munji ya ce, "Ba kowa. Hoto kawai zan ɗauka."

"Hoto," in ji Baba Sasi. Ya juya ya dubi abokan zamansa. "To miƙe sak, kada ka juya ko'ina, sai ka ga ruwa. Can ne hoto yake."

Abin da Faris ta goge wa Munji ke nan. Mu ba ma nuna wa baƙo hanyar cikin gonaki. Can iyalanmu suke, mata na shanya ba mayafi, tsofaffi na kwance a inuwa da ɗan bante. Baƙon da ya tambayi hanyar yashi, da fara'a da ladabi za mu ɗora shi a kwalta mu tura shi bakin teku, har mu yi masa addu'ar sauka lafiya. Ko ƙaramin yaro ya san wannan. Hanyar gida sai wanda ya faɗi ɗan gidan wa ne. Saboda haka muddin kwanon nan na kanka, Faransanci na bakinka, kowa ka tambaya teku zai nuna maka. Tsibiri ne kuwa, duk inda aka nuna gaskiya aka faɗa.

Mataki na 6: To, sha kallo

Tunda ka biya kuɗin yini, mora. Munji ya ga tekun gabas. Ya dawo ya tambayi wani mai faci, aka tura shi tekun kudu. Ya ratsa Gallala, masu tukwane suka tare shi, suka sayar masa da tulu mai siffar raƙumi, domin Bature ba ya wuce Gallala hannu rabbana, shi kuma ba shi da bakin cewa irin sa kakarsa ke ba kaji ruwa a ciki. Ya je Ajim ya kalli jirgin fito yana lodin motoci. A can wasu Jamusawa mata da miji, su ma a kan baburana, suka tambaye shi hanyar Humt Suk, babban garinmu, jinin Jerba ya motsa masa, ya nuna musu teku.

Wajen azahar waya za ta yi ƙara. Ɗaga gilashin kaɗan ka amsa.

"Yaya, kana ina? Jirginku ya sauka tun safe."

"Ina hanya. Na tsaya gaisawa da mutane ne."

"Waɗanne mutane? Inna ko ruwan shayi ta ƙi. Jiri har ya fara ɗibarta, na ba ta dabino ta mayar min da shi faranti."

"Ce mata ta ci mana, Salluha. Ce mata na ce ta ci."

"Kai ka zo ka faɗa mata. Ko in turo a ɗauko ka? Faɗi inda kake kawai."

A nan ne masu raunin zuciya ke faɗuwa. Kai ka ce, "Ga ni nan, saura kaɗan," ka kashe wayar. Yunwa kuwa tana nan tana cin ka. Munji ya gaya min daga baya cewa wani mai soya birik, wainarmu mai ƙwai a ciki, ya miƙo masa ɗaya da zafinsa, ƙwan ciki na malala, ya kasa karɓa. Ya ce ta yaya zai ci, tsohuwa na zaune. Wannan shi ne abu na hankali guda ɗaya da ya yi a ranar, shi ya sa ban sa shi cikin matakan ba.

Mataki na 7: Shiga yashi da kanka

Tunda mutane sun ƙi, dogara da jininka. Koma mararrabar gidan gahawan nan, ka zaɓi hanyar yashi ɗaya ka afka. Babur ɗina don kwalta aka yi shi, tayarsa ba ta fi faifai ba. Yana shiga yashi gaban zai yi gabas, bayan ya yi yamma, kai ka bi duk wanda ka fi yarda da shi. Kada ka taɓa birkin gaba. Munji ya taɓa, shi ya sa madubina na hagu yake can cikin shingen wani bawan Allah har yau, raƙumin Gallala kuma ya rasa wuya.

Kowace hanya za ta yi maka kama da taku. Zaitun, dabino, farin gini can ciki, kare yana haushi. Za ka ce ga shi nan, ka matsa, ka ga gidan sama sabo fil na wani mai kanti irinka da ya fi ka hankali. Ka juya, hanyar ta lanƙwasa, ta sake lanƙwasawa, ta tofo ka a kwalta, gaban gidan gahawa, inda tsofaffin nan suka riga suka juyo da kujerunsu don su fi ganin ka da kyau. Ɗaga musu hannu irin na Turawa, ka zaɓi wata hanyar.

A duk wannan kai-komon za ka riƙa wuce wata tsohuwa da ke zaune kan dutse a tsallaken titi, ƙarƙashin zaitun, a bakin wata siririyar hanya da ka raina. Farin mayafi, malafa a kai, sanda a gefe. Kada ka kula ta. Tsofaffinmu duk haka suke, in ka ga ɗaya ka ga duka, balle ta cikin gilashi mai karce. Munji ya wuce ta ya sake wucewa, har ya taɓa bulbula mata ƙura.

Mataki na 8: In komai ya ƙare, tambayi tsohuwar

La'asar ta yi, allurar mai ta kwanta, gwiwarka na jini, wayarka na ta ƙara a aljihu kana tsoron ɗauka. Ba ka da fuskar komawa wurin Baba Sasi. Sai tsohuwar nan, wadda a lissafinka ba ta jin Faransanci, ba za ta kai labari ko'ina ba.

Munji ya tsaya gabanta. Ya fara, "Madam, don Allah," ba ta kula shi ba. Ya sake farawa, yana kwatanta masallaci da hannu.

Ba ta ɗago malafar ba. Ta yi magana da harshen gida, ƙasa-ƙasa, yadda na tsallaken titi ba za su ji ba.

"Baƙo, ni ban san yaren nan naka ba. Amma ƙafata ta gaji, gidana kuma da ɗan nisa. In ka rage min hanya Allah zai ba ka lada."

Ya ce min a kalmar farko ya gane muryar mahaifiyarsa. Ya riƙe kan babur da ƙarfi. Ya dubi hannun da ke kan sandar, ya ƙanƙance, ba shi ne hannun da ya bari ba. Tun bayan azahar take kan dutsen nan. Salluha ta yi faɗa ta yi kuka, Goggo ta ce mata ita iska za ta sha. Tun wucewarsa ta farko ta san shi, ba ta kuwa kira sunansa ba, domin kira ɗaya a gaban gidan gahawa ya isa ya bi shi har kabari.

Ya kai hannu zai kwance igiyar hular. Ta buge hannun da sanda.

"Bar kwanonka. Durƙuso da abin nan in hau."

Ta hau a karkace, mayafi a tattare, sanda a cinya, hannu ɗaya a kafaɗarsa. Suna tashi Baba Sasi ya ɗaga murya daga tsallake.

"Arusiya, ɗan naki ya iso kuwa?"

Ta ce, "Ba ka gan shi ba? Ya zo ɗaukata ne."

"Madalla da ɗa," in ji Baba Sasi, ya ɗauki kofinsa.

Daga nan kai dai tuƙi naka. Ba a ce maka dama, ba a ce maka hagu. In za a juya dama, yatsa zai danna kafaɗar dama. In hagu, ta hagu. Duk wanda kuka wuce, abin da zai gani shi ne ɗa ya ɗauko uwarsa yana kai ta gida, ya san kowane lungu. Tafi a hankali. Gilashin zai yi maka hazo daga ciki, ba za ka iya gogewa ba, ka bar yatsan ya yi maka gani. Munji ya ce da suka wuce kututturen karkataccen dabinon ta ɗan matsa kafaɗar sau biyu, ba don a juya ba, don ya kalla.

A ƙofar gida ta sauka da kanta. Salluha ta fito da bakinta cike da magana, Goggo ta dube ta sau ɗaya, maganar ta koma. Sannan ta juya wajen ɗanta.

"Cire kwanon nan ka wanke hannu. Kuskus ya huce, kifin ma ya gaji da jiranka."

Ya zauna. Ta zuba masa ido sai da ya kai loma ya haɗiye, sannan ta miƙa hannu ta ɗauki dabinon da ta mayar faranti tun safe.

Mataki na 9: Mayar da babur

Washegari ka kawo min kayana. Munji ya zo ba tabarau, ba Faransanci, hular rataye a gwiwar hannu kamar ɗan halak.

Ya ce, "Jilani, Allah ya isa tsakanina da kai."

Na ce, "Au, Malam Munji, yaushe a gari? Jiya wani Bature ya zo mai kama da kai, ya karya min madubi."

Ya zauna a kan benci da makullin a hannu. Can ya ce, "Ta rame, Jilani."

Na ce, "Ta rame."

Ya ce in bar masa babur ɗin zuwa ƙarshen wata, yana son ya riƙa kai ta asibiti da kansa. Na bar masa, a kuɗin 'yan gari. Salluha ta ce min kullum da safe yana fita shi kaɗai, ya je kwalta ya dawo, ya je ya dawo, yana haddace hanya, yana magana da shinge.

Sharaɗi

Ni Jilani na cika alkawarina: ka zaga tsibiri, kuma ba wanda ya ji daga bakinka. Abin da idon mutane ya gani ba ya cikin yarjejeniya. Ba ruwana da gwiwarka, ba ruwana da raƙuminka, madubi kuwa za ka biya. Ban san wanda ya buga wa Goggo waya da hantsi ya ce mata jan babur ne da rawayar hula ba, kuma ko wane ne, amsar da ya samu ita ce ya riƙe launinsa, ita ta san zaman ɗanta ko a kan jaki.

Gargaɗi na ƙarshe, wanda ya kamata in sa a farko amma ciniki ya hana. Dabarar nan gaba ɗayanta a kan Mataki na 8 ta tsaya, Mataki na 8 kuma sai da tsohuwa a kan dutse. Ni babur nake bayarwa haya, ba na bayar da tsohuwa. In taka tana nan da rai, hau jirgi bana, kada ka jira baɗi. In kuwa ka riga ka makara, dutsen ba kowa, to kada ka ɓata manka. Cire kwanon tun daga ƙofar shagona, ka wuce wurin Baba Sasi, ka faɗi sunanta. Za su yi maka dariya, sannan ɗayansu ya tashi ya kai ka.